Darasi na Goma Sha Huɗu: Ƙarin Gani a Tiyatar Hannun Inji

Manufofin darasi

Wanda ya karanta wannan darasi da natsuwa, ya kuma yi lissafin da aka ba shi a cikinsa, in Allah ya yarda zai iya:

1. bayyana abin da ake nufi da tiyatar hannun inji, da faɗin wanda yake juya injin;
2. bayyana inda ake samo surar da ake ɗorawa a kan abin da likita yake kallo;
3. kawo dalilan da ke sa surar nan ta kauce daga bigirenta;
4. rarrabe abin da ya kusa iso mu daga cikin wannan fasaha da abin da yake da sauran tafiya.

1. Tsaga da gani

Tun zamanin da Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan nan na Andalus wanda ya rasu wajen shekara ta 1013 Miladiyya, ya rufe littafinsa At-Tasrif da juzu'i na talatin, inda ya zana surorin kayan fiɗa kusan ɗari biyu domin almajirai su sa a ƙera musu irinsu, har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, likitan fiɗa ba shi da wata hanyar ganin cikin mutum face ya tsaga shi, kuma gwargwadon faɗin tsagar, gwargwadon abin da idonsa zai kai gare shi. Tsaga mai faɗi kuwa tana da illolinta: jini ya fi zuba, miki ya fi daɗewa bai warke ba, ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa, manomi ya yi asarar damina yana kwance.

A shekara ta 1895 wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi, shi ne hoton da muke ce wa radiyo. A 1971 kuma, a wani asibiti na Landan, aka fara ɗaukar hoton kan wata majinyaciya da na'urar sikana wadda injiniya Godfrey Hounsfield ya ƙera. Daga nan likita ya sami damar sanin inda cuta take tun bai ɗauki wuƙa ba. Saura yadda zai kai gare ta ba tare da ɓarna mai yawa ba, wannan kuwa ya bunƙasa ne bayan da Erich Mühe a Jamus a 1985, da Philippe Mouret a birnin Lyon na Faransa a 1987, suka cire wa majinyata matsarmama ta ƴan ƙananan huda, bayan an hura iska a cikin ciki ya tashi, an kuma zura kyamara siririya mai fitila a bakinta.

Sai dai wannan ci gaba ya karɓe wa likita wata ni'ima da yake da ita tun fil azal, wato taɓawa. Wanda ya tsaga ciki yakan sa yatsa ya lalubi taurin tsiro a cikin hanta, ya ji bugun jijiyar jini a ƙarƙashin kitse tun bai gan ta ba. Wanda yake aiki ta huda kuwa, ba abin da ya rage masa sai ido, shi kuma ido iyakarsa fatar gaɓa ta waje.

> Akwatin kalmomi
> Tiyata, ko fiɗa: magani ta hanyar yanka, ko cirewa, ko ɗinke wani abu a jiki.
> Aikin huda: tiyatar da ake yi ta ƙananan ƙofofi, da kyamara da dogayen kayan aiki.
> Sikana: na'urar da ke ɗaukar hoton jiki yanki bayan yanki, ba tare da an tsaga shi ba.

2. Hannun inji

Da yawa daga masu jin labarin nan a rediyo suna zaton wani mutum-mutumi ne yake shigowa ɗakin tiyata, ya dubi majinyaci, ya yanke shawara, ya kama aiki. Ba haka al'amarin yake ba. Injin da ya fi yaɗuwa a duniya, wanda ake kira da Vinci, wanda kamfanin Intuitive Surgical na Amurka yake ƙerawa, hukumar ƙasar kuma ta yarda da shi a shekara ta 2000, ba ya motsa ko da gwargwadon silin gashi sai da motsin hannun likita.

Ga yadda ɗakin yake. Majinyaci yana kwance an yi masa allurar barci, a kansa akwai hannuwa huɗu na ƙarfe a lulluɓe da leda mai tsabta, ɗaya yana riƙe da kyamara, saura suna riƙe da almakashi da hantsaki da makamantansu, kowanne ya shiga ciki ta huda mai faɗin milimita 8. Kusa da gadon akwai likita mataimaki da ma'aikaciyar jinya, su ke canja kayan aiki, su ke tsotse jini. Shi kuwa babban likita yana zaune can gefe a gaban wata kujera mai kama da akwati, galibi ya tuɓe takalmansa domin ya ji matakan injin da tafin ƙafa, ya jingina goshinsa a bakin madubi, ya zura babban yatsa da wani yatsan cikin ƴan zobba guda biyu a kowane hannu. Idan ya matse yatsunsa hantsaki ya matse a cikin ciki, idan ya juya wuyan hannunsa bakin almakashi ya juya, idan kuwa ya ɗaga kansa daga madubin domin ya yi wa wani magana, nan take kayan aikin su tsaya cik, ba za su sake motsi ba sai ya mai da goshinsa.

Fa'idar injin uku ce. Yana tace rawar hannu, wadda babu ɗan Adam da ya kuɓuta daga gare ta. Yana ƙara girman abin da ake kallo kamar sau goma, kuma da yake kyamarar idanu biyu gare ta, likita yana ganin zurfi. Sa'an nan yana rage girman motsi.

*Misali na 1.* A ce an saita injin a kan uku bisa ɗaya. Likita ya ja hannunsa santimita 3, bakin almakashi zai tafi santimita 1. In ya so ya matsa da allura milimita 2 kacal, sai ya motsa hannunsa milimita 6, domin 2 sau 3 shida ke nan, wannan kuwa motsi ne da hannu ke iya sarrafawa cikin sauƙi.

*Gwaji a aji.* Ku riƙe alƙalami a kowane hannu, ku miƙe hannuwanku, ku rufe ido ɗaya, ku gwada haɗa bakunan alƙaluman. Sa'an nan ku buɗe idanu biyu ku sake. Abin da kuka samu a karo na biyu shi ne ganin zurfi.

Amma fa mas'alar taɓawa injin bai warware ta ba, bal ma ya ƙara ta, domin mafi yawan injunan da ke aiki a asibitoci ba sa mai da wa yatsun likita jin tauri ko laushi. Sai a samfurin da ya fito a 2024 aka soma sa musu wani abu na jin ƙarfin ja da turawa.

> Akwatin kalmomi
> Tiyatar hannun inji: aikin huda wanda likita yake yi daga kujerarsa, inji yana isar da motsin hannunsa zuwa cikin jiki.

3. Ƙarin gani

Wannan fasaha tana cikin aljihun da yawa daga cikinku. Wanda ya taɓa ganin yara sun juya kyamarar waya ga fuskarsu, sai ga tabarau ko hula ta bayyana a kan hoton alhali babu ita a zahiri, tana kuma bin kan yaron duk inda ya karkata, ya riga ya ga ƙarin gani. Haka layin da ake shatawa a kan fili a talabijin domin a nuna satar gida a wasan ƙwallo. Asalin abin ya daɗe: tun 1968 Ivan Sutherland ya haɗa wani madubi da ake sawa a ka wanda ke nuna zanen kwamfuta a tsakiyar ɗaki, a 1992 kuma masana a jami'ar North Carolina suka gwada nuna hoton eko, wato hoton da ake ɗauka da amon sauti, na ɗan tayi a daidai cikin uwarsa, ta yadda mai sanye da madubin zai ga kamar yana leƙawa ta taga.

> Akwatin kalmomi
> Ƙarin gani: ɗora zane ko sura ta kwamfuta a kan abin da ido ko kyamara take gani a wannan lokaci.
> Sura mai jiki: hoton da yake da tsawo da faɗi da zurfi, wanda ake iya juya shi a duba ta kowace fuska.
> Tsiro: tsokar da ta fito inda bai kamata ba, wani tsiron sankara ne, wani ba ita ba ce.

A tiyata, abin da ake nufi shi ne a ɗauko baɗinin gaɓa a ɗora shi a kan zahirinta. Bari mu bi aikin ƙoda daga farko, domin a nan ne amfanin ya fi fitowa fili. Wani mutum an sami tsiro a cikin ƙodarsa, ya nutse a tsakiyar tsoka ta yadda wanda ya kalli ƙodar daga waje ba zai ga komai ba, likita kuma yana so ya cire tsiron kaɗai ya bar wa mutumin sauran ƙodarsa. Kwanaki kafin aiki sai a ɗauki hotonsa da sikana bayan an sa masa wani ruwa a jijiya mai fito da hanyoyin jini.

*Misali na 2.* Tsawon ƙodar baligi kimanin santimita 12 ne, wato milimita 120. Idan kaurin kowane yanki na hoton milimita 1 ne, hotuna 120 za su rufe ƙodar daga sama har ƙasa. Idan kaurin milimita 3 ne, 120 a raba 3, hotuna 40 ke nan. Na farko ya fi nuna ƙananan jijiyoyi, domin jijiyar da kaurinta bai kai na yankin ba tana iya ɓacewa a cikinsa.

Daga nan sai masani, da taimakon kwamfuta, ya bi hotunan nan ɗaya bayan ɗaya yana shata iyakar kowane abu, wannan tsokar ƙoda ce, wannan jijiya mai kawo jini, wannan mai mayar da shi, wannan kuma tsiro, har kwamfuta ta jera su ta fitar da sura mai jiki, a shafa wa kowane sashe launinsa, bisa al'ada ja ga mai kawo jini, shuɗi ga mai mayarwa. Ranar aiki, likita yana kallon ƙodar gaske a madubinsa, sai a ɗora surar nan a kanta shara-shara, ya ga inda tsiron ya kwanta, ya ga reshen jijiyar da ke shayar da shi. Amfanin sanin reshen nan babba ne, domin kafin a yanka ƙoda sai an matse jijiyarta don kada jini ya ɓalle, ƙodar da aka hana wa jini kuwa tana soma lalacewa, shi ya sa likitoci suke ƙoƙarin kada matsewar ta wuce minti 25. To, in an san reshen da ya nufi tsiron, sai a matse shi kaɗai, sauran ƙodar ta ci gaba da shan jininta.

Farfesa Jacques Marescaux da abokan aikinsa na cibiyar IRCAD da ke Strasbourg a Faransa sun ba da rahoton irin wannan aiki a 2004, lokacin da suka cire wani ƙaramin ƙululu da ke bisa ƙoda ta aikin huda. Daga 2018 kuma Farfesa Francesco Porpiglia na Turin a Italiya ya yi ta haɗa shi da injin da Vinci a aikin ƙoda da na furosta, ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji.

4. Daidaitawa, wadda ita ce gundarin wahala

Duk abin da ya gabata mai sauƙi ne idan aka gwama shi da wannan sharaɗi guda, wato surar ta faɗa daidai kan gaɓar, ta kuma zauna daidai har a gama aiki. Idan ta kauce da rabin santimita, layin da ya kamata ya bi gefen tsiro zai bi ta cikinsa, ko ya bi ta kan jijiya.

> Akwatin kalmomi
> Daidaitawa: sa surar kwamfuta ta hau kan gaɓar gaske, kowane sashe a kan ɗan'uwansa.
> Alama: wuri sananne a jiki, kamar ƙashi ko mararrabar jijiya, wanda ake ganinsa a sura da kuma a zahiri, a kama shi a daidaita saura.
> Jinkiri: ɗan lokacin da ke tsakanin aukuwar abu da bayyanarsa a allo.

Duk wanda ya san ƙasar nan tamu tsakanin Gidigir da Gure ya san tudun rairayi ba ya zama wuri ɗaya, har ana kafa masa shingen kaba da ƙirare domin kada ya binne kwaruruka masu dabino da kanwa; saboda haka mutumin da ya zana taswirar hanyar shiga wani kwari bara, ya miƙa wa direba bana, bai yi ƙarya ba, illa dai iskar hunturu ta tura tudun ya hau hanyar, direban da ya bi takarda ya ƙi duban ƙasa kuwa zai kwana yana haƙa. Surar sikana taswirar bara ce. An ɗauke ta mutum yana kwance rigingine ya riƙe numfashi, ranar aikin ƙoda kuwa a kan gefensa ake kwantar da shi. An ɗauke ta cikinsa a lafe, yanzu kuwa an hura masa iska ta danne kayan ciki. Na'urar numfashi tana tura hanta da ƙoda ƙasa, su dawo sama, sau goma sha wani abu a kowane minti. Bayan duk wannan, shi kansa likita yana ɗaga gaɓar, yana juya ta, yana yanka ta, kuma da zarar wuƙa ta shiga, siffar da aka ɗauki hotonta ta tafi ke nan. Ko ƙwaƙwalwa, wadda take cikin ƙoƙon kai, takan ɗan zauna idan aka buɗe ƙashin, ruwan da ke kewaye da ita ya zuba.

Ƙashi kaɗai ne bai da wannan hali, domin siffarsa ta jiya ita ce ta yau, shi ya sa fasahar ta fi saurin nuna a aikin kai da na gadon baya. A watan Yuni na 2020 likitocin asibitin Johns Hopkins a Amurka sun ɗaura ƙusoshi a ƙashin bayan wani majinyaci suna sanye da madubin ƙarin gani. Injin ROSA kuma, wanda ke nuna wa likitan ƙwaƙwalwa daidai inda zai huda bisa ga hoton da aka ɗauka, Bertin Nahum ne ya ƙera shi, injiniya Bafaranshe ɗan asalin ƙasar Benin wanda aka haifa a Dakar. Na ambaci wannan ne domin samarinmu masu zaton irin wannan ilimi an rufe ƙofarsa ga ƴaƴan Afirka.

A gaɓoɓi masu laushi, a aikin 2004 da farkon ayyukan Turin, mutum ne yake zaune gaban kwamfuta yana jan surar da hannu, yana juya ta, domin ta bi gaɓar. Yanzu ana koya wa kwamfuta ta gane gaɓar da kanta ta bi ta, ta kuma lanƙwasa surar idan gaɓar ta lanƙwashe, amma mafi yawan wannan yana matakin bincike a manyan asibitocin koyarwa, bai zama aikin yau da kullum ba.

Ku koma ga wayar yaran nan ku gwada: wanda aka ɗora wa tabarau ya juya kansa da sauri, za ku ga tabarau ya tsaya a iska na ɗan ƙiftawar ido kafin ya riski fuskar. Wannan shi ne jinkiri.

*Misali na 3.* A ce bakin almakashi yana tafiyar santimita 2 a sakan ɗaya. Idan jinkirin hoto rabin sakan ne, almakashin ya riga ya wuce inda likita yake ganinsa da santimita 1. Idan jinkirin sudusin sakan ne, milimita 20 a raba 6, ya wuce da milimita 3 da ɗan kai. Ranar 7 ga Satumba 2001, da Farfesa Marescaux ya zauna a Niyok ya cire matsarmamar wata dattijuwa mai shekara 68 da ke kwance a Strasbourg da wani inji mai suna ZEUS, jinkirin bai kai sudusin sakan ba, domin an keɓe masa layi na musamman wanda ya ratsa teku.

Akwai kuma wata illa wadda ba a inji take ba, a cikin ɗabi'ar ɗan Adam take. A wani bincike da aka buga a 2013, masana a Toronto ta ƙasar Kanada sun sa likitoci su bi wata hanya ta cikin hancin gawa da kyamara, wasu da ƙarin gani, wasu babu, bayan an ajiye ƙusa a inda kowa zai iya ganinta. Masu ƙarin gani sun fi kai wa ga inda aka nufa daidai, amma kusan dukansu ba su lura da ƙusar ba, domin hankalinsu ya tafi ga zane mai launi. Hausawa suna cewa gani ya kori ji, to a nan sai a yi hattara, domin surar da aka ɗora, ko da yake ta ido take shigowa, haƙiƙarta labari ce da sikana ta bayar kwanakin baya. Hukuncinta a wurin mai hankali zato ne mai ƙarfi, ba ta kai yaƙini ba, kuma duk inda ta saɓa wa tsokar da ke gabansa, tsokar ita ce hujja.

Saboda haka likitoci suke haɗa ta da shaidun da ke magana a kan halin da ake ciki. Ɗaya shi ne eko ƙarami da ake zurawa ta huda a ɗora shi a kan ƙodar, hotonsa ya fito a gefen madubi. Ɗayan kuma wani koren rini ne da ake sawa a jijiya, wanda ke bin jini, idan aka haska masa wani haske da idon mutum ba ya gani sai ya yi ƙyalli a allo. Bayan an matse reshen jijiya, sashen da ya yi kore yana samun jini, wanda ya zauna duhu an yanke masa, likita ya tabbatar da idonsa ko surar ta faɗi gaskiya. Aibinsa shi ne ƙyallin ba ya ratsa tsoka fiye da ƴan milimitoci.

Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun yi bayanin lamunin likita, suka rataya shi ga ƙwarewarsa, da izinin majinyaci ko waliyyinsa, da rashin ƙetare ƙa'idar sana'a. A ganina zuwan inji bai sauya komai daga wannan ba, domin ba a tuhumar almakashi. Sai dai ya ƙara wa ƙwarewa wani sharaɗi, wato likita ya san lokacin da zai kashe surar ya yi aiki da abin da yake gani.

5. Ina muke a cikin wannan?

Kuɗin injin da Vinci guda kimanin dalar Amurka miliyan biyu ne, fiye da miliyar ɗaya na sefa, ban da kuɗin kula da shi kowace shekara, ban da kayan aikinsa da ake yarwa bayan an yi amfani da su sau goma ko fiye kaɗan. Ya shiga Afirka ta Kudu a 2013 a wani asibiti na Pretoria, ya iso Legas a 2025, a watan Oktoba na 2023 kuma IRCAD ta buɗe reshenta a Kigali domin horar da likitocin Afirka aikin huda. Asibitin gunduma na Gure ba a wannan layi yake ba tukuna, kuma ba abin kunya ba ne, domin buƙatarsa ta gaggawa wata ce daban. Kwamitin mujallar likitoci ta Lancet ya ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyar biyar a duniya ba su da hanyar samun tiyata mai aminci wadda aljihunsu zai ɗauka, ya kuma sa ma'auni cewa mutum ya iya isa cikin awa biyu inda ake ayyuka uku: ciro jariri, da buɗe ciki, da gyaran karayar da ƙashi ya huda fata.

*Misali na 4.* Mace tana naƙuda a wani ƙauye, ta gagara. An yi awa 1 a kan rairayi kafin a fito da ita kwalta, an jira mota minti 30, sa'an nan aka yi kilomita 60 da gudun kilomita 60 a awa, wato awa 1. Jimla awa 2 da rabi, an wuce ma'auni da minti 30.

Hukumomin Nijar sun fuskanci wannan ta hanyoyi biyu tun wajen 2005: an yafe kuɗin aikin ciro jariri, an kuma soma ba ƙananan likitoci horon shekara guda domin su yi tiyatar gaggawa a asibitocin gunduma, ba sai an kai kowa babban asibitin Damagaram ko Yamai ba. Irin wannan likita, wanda yakan tsinci kansa shi kaɗai da dare gaban hanjin da zazzaɓin taifot ya huda, shi ne ƙarin gani zai fi amfana, kuma ba ya buƙatar hannun inji. Wata likita mai suna Nadine Hachach-Haram ta kafa Proximie, tsarin da ake kafa kyamara bisa gadon tiyata, gwani yana wani gari yana kallo, ya ɗora yatsansa ko ya shata layi a kan hoton, wanda ke riƙe da wuƙa ya gani a allonsa. An yi amfani da shi tsakanin Beirut da Gaza a 2016, daga baya kuma a asibitocin gundumar Makueni ta Kenya domin aikin haihuwa. A nan babu taswirar bara, domin hoton na yanzu ne. Abin da ake buƙata shi ne wutar da ba ta yankewa, da intanet mai ƙarancin jinkiri, da gwanin da zai amsa kira, irin malaman sashen koyon likitanci na Jami'ar André Salifou ta Damagaram.

Wanda kuma ƙaddara ta kai shi ko ɗan'uwansa asibitin da ke da injin, haƙƙinsa ne kafin ya sa hannu a takardar izini ya tambayi likita, cikin ladabi, sau nawa ya yi irin wannan aiki, da abin da za a yi in injin ya tsaya ana tsakiyar aiki, da kuma ko aikin huda na hannu ko tsaga zai biya buƙata da kuɗin da bai kai wannan ba.

Tambayoyin bita

1. Wace ni'ima ce likita ya rasa sa'ad da ya koma aikin huda, kuma da me ake ƙoƙarin maye gurbinta?
2. Me ke faruwa da kayan aiki idan likita ya ɗaga kansa daga madubin injin?
3. An saita inji a kan uku bisa ɗaya, likita ya motsa hannunsa milimita 15. Milimita nawa bakin hantsaki zai tafi?
4. Tsawon wata gaɓa santimita 18 ne, kaurin kowane yanki na sikana milimita 2. Hotuna nawa za a samu?
5. Kawo dalilai uku da ke sa surar ƙoda ta kauce daga ƙodar gaske ranar aiki.
6. Don me ƙarin gani ya fi saurin nuna a aikin ƙashi?
7. Me binciken Toronto na 2013 ya nuna game da hankalin likita?
8. Mene ne bambancin surar sikana da koren rini ta fuskar lokaci?
9. Ku lissafa lokacin da za a ɗauka daga ƙofar gidanku zuwa asibiti mafi kusa da ake aikin ciro jariri, da rani da kuma da damina, ku kawo amsar aji mako mai zuwa.